Daga awa 6 zuwa awa 24: na'urar sanyi da ake gwadawa don hannun da ya rabu da jiki ya iya jiran likita

Ranar 13 ga watan Janairun 2021, a asibitin Edouard Herriot da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, likitoci sun shafe kimanin awa 15 suna dasa wa wani mutum hannuwa biyu tun daga kafaɗa. Sunansa Felix Gretarsson, ɗan ƙasar Aislan, kuma ma'aikacin wutar lantarki ne. A 1998 ya hau turke zai gyara layi, wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ta kama shi, hannuwansa suka ƙone har sai da aka yanke su. Ya yi shekara 23 ba hannu.

Tun 2013 ya kwashe kayansa ya koma Liyon da zama, yana jiran ranar da za a samu mamacin da hannuwansa suka dace da jikinsa. Da ranar ta zo, likitocin sun kasu rukuni-rukuni. Wasu suna cire hannuwan daga jikin mamacin, wasu kuma a daidai lokacin suna shirya kafaɗun Felix, don kada hannuwan su daɗe ba jini. Ba don son kusanci kaɗai ya baro ƙasarsa ba. Hannun da aka raba da jiki ba ya jure doguwar tafiya, dole mai karɓa ya zauna kusa da inda za a yi aikin.

Wannan ƙarancin lokaci shi ne babban abin da ya dabaibaye dashen hannu tun da aka fara shi. Shi ne kuma abin da masu bincike a Amurka da Turai suke ƙoƙarin kaucewa da wata na'ura mai tura ruwa mai sanyi cikin jijiyoyin hannun, maimakon a ajiye shi kan ƙanƙara ana kallon agogo.

Abin da ke kashe hannun

Hannu ba gaɓa ɗaya ba ce kamar ƙoda. Akwai fata, akwai ƙashi da ɓargo, akwai jijiyoyin jini, da jijiyoyin ji da motsi, sannan ga tsoka. Kowanne da iyakar haƙurinsa idan jini ya yanke. Fata da ƙashi suna iya daɗewa. Tsoka ce mai gajeren haƙuri, domin ita ce ta fi cin iskar oksijin.

Idan hannu ya guntule aka bar shi a zafin gari, bayan awa 3 zuwa 4 tsokar ta fara lalacewar da ba ta gyaruwa. Wajen awa 6 kuwa, mafi yawanta ta mutu. Wannan ne ya sa yatsa ya fi dantse sa'a. Yatsa kusan ba shi da tsoka, don haka idan an sanyaya shi yadda ya kamata, ana iya maida shi ko bayan awa 24. Dantse ko cinya ba su da wannan gata.

Kuma asarar ba ta tsaya kan hannun ba. Tsokar da ta rasa jini tana tara guba a cikinta: sinadarin fotasiyam, da tsami, da wani furotin na tsoka da ake kira mayogulobin. Ranar da likita ya haɗa jijiyoyi ya saki jini, duk wannan dattin sai ya kwarara cikin jikin majinyaci. Fotasiyam yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya, mayogulobin kuma yana toshe ƙoda. Ke nan hannun da ya daɗe a waje yana iya kashe mai shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga an kawo hannu lafiyayye a ido, amma likita ya ce ba zai maida shi ba. Ran majinyacin yake karewa.

Ƙanƙara na rage gudu, ba ta tsayar da agogo

Hanyar da aka saba da ita a duniya har yau mai sauƙi ce. A wanke jijiyoyin gaɓar da wani ruwa na musamman, a sa ta cikin leda, a ajiye cikin akwatin ƙanƙara a wajen digiri 4. Sanyi yana rage aikin ƙwayoyin halitta: duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10, buƙatarsu ta abinci da iska tana raguwa da kusan rabi. A digiri 4, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba.

Sai dai fa kashi ɗaya cikin goma ba sifili ba ne. Ƙwayoyin suna ci gaba da cin ɗan guzurin da ya rage musu, ba wanda ke ƙara musu, ba kuma wanda ke kwashe musu shara. Ƙoda tana iya jure wannan hali har kwana guda. Hannun da za a dasa kuwa, likitoci ba sa son ya wuce awa 4 zuwa 6, kamar dai zuciya.

A cikin wannan ɗan lokaci ne za a ɗauko hannun, a kawo shi, a haɗa ƙashi da ƙarfe, sannan a ɗinke jijiyoyin jini da zaren da ya fi gashin kai siranta, ana duba su ta madubin ƙara girma. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan aiki tana hanawa.

Yadda na'urar take aiki

Tunanin da ke bayan na'urar bai da wuyar ganewa. Tun da matsalar ita ce komai ya tsaya cak a cikin hannun, to a sa wani abu ya riƙa gudana.

Ana sa ƙaramin bututu a cikin babbar jijiyar da ke kai jini ga hannun. Famfo yana tura wani ruwa mai sanyi, wajen digiri 8 zuwa 10, ta cikin bututun. Ruwan ba jini ba ne. Haɗi ne na gishiri iri-iri, da sukari, da wasu sinadarai masu nauyi da ke hana shi tsiyayewa daga jijiya zuwa cikin nama. Kafin ya shiga, yana bi ta wani sashe da ke zuba masa oksijin, da wani da ke sanyaya shi. Yana zagaya har cikin ƙananan jijiyoyin yatsu, ya fito ta jijiyoyin da ke dawo da jini, a tace shi, a sake turawa. Ƙarfin turawar bai kai rabin ƙarfin bugun jinin mutum ba, domin jijiyar da ta yi sanyi ba ta son matsi.

Mai tambaya zai ce, yaya ruwan da ba jini ba zai ciyar da nama? Amsar tana cikin sanyin. Tun da buƙatar tsoka ta ragu ƙwarai, ɗan oksijin da ya narke cikin ruwan ya ishe ta. Wannan kuwa babban sauƙi ne: ba sai an nemi jini ba, ba sai an duba rukuninsa ba, ba kuma fargabar ya daskare ya toshe bututu.

Amfani uku ake nema. Na farko, tsoka ta samu iska da abinci, kada guzurinta ya ƙare. Na biyu, a wanke gubar nan da ke taruwa tun kafin ta shiga jikin majinyaci. Na uku, wanda akwatin ƙanƙara ba zai taɓa bayarwa ba, shi ne labari. Likita yana iya ɗiban ruwan da ke fitowa ya auna fotasiyam da tsamin da ke ciki, ya auna nauyin hannun, ya ga yadda ruwan ke shiga. Kafin ya sa wuƙa a jikin mutum, ya san ko hannun na da rai ko babu.

An fara da ƙoda

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1935, likitan nan ɗan Faransa Alexis Carrel da matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh sun ƙera famfon gilashi da ke riƙe gaɓoɓin dabbobi da rai a wajen jiki. A ƙarshen shekarun 1960, Folkert Belzer ya yi amfani da na'urar sanyi a San Faransisko ya ajiye ƙodar mutum awa 17 kafin a dasa ta. Amma na'urarsa ƙatuwa ce, sai da mota ake ɗaukarta. Da aka samu ruwan ajiya mai kyau a 1969, asibitoci suka koma ga akwatin ƙanƙara, don ya fi arha da sauƙi.

A 2009 ne na'urar ta dawo da ƙarfinta. An yi wani babban gwaji a Holan da Beljiyam da Jamus da ƙodojin mamata 336. Kowane mamaci, ƙodarsa ɗaya aka sa a na'ura, ɗayar a ƙanƙara. A cikin waɗanda suka karɓi ta ƙanƙara, kimanin kashi 26 cikin 100 ƙodar ta yi jinkirin fara aiki. A ɓangaren na'ura, kimanin kashi 21 ne. Bayan shekara guda, kashi 94 na ƙodojin na'ura suna aiki, na ƙanƙara kuma kashi 90. A 2021 wani gwajin da aka jagoranta daga Holan ya nuna irin haka ga hanta: wata matsalar ƙuntatar hanyoyin ɗaci ta sauka daga kashi 18 zuwa kashi 6. Yau na'urar sanyi ta zama kayan aikin yau da kullum a cibiyoyin dashe da yawa.

Ina aka kwana kan hannu?

A nan ne ya kamata a yi hattara da zuzutawa. Mafi yawan abin da aka sani game da hannu da ƙafa, daga gwaji kan dabbobi aka samo shi, musamman alade, wanda girman jijiyoyinsa ya yi kusa da na mutum.

A asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka, tawagar likita Bohdan Pomahac ta ƙera na'urar da za a iya ɗauka a yi tafiya da ita. A 2017 suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi: sun cire ƙafafun gaba na aladu, wasu suka sa su a na'ura awa 12, wasu a ƙanƙara awa 4 kacal, sannan suka maida su jikin dabbobin. Duk da cewa na na'ura sun ninka na ƙanƙara sau uku a daɗewa, tsokarsu ta fi lafiya. A 2019 suka kai gwajin awa 24, kuma an iya maida ƙafafun.

A 2020 suka matsa zuwa hannun mutum. Sun samu hannuwa shida daga mamata uku da aka bayar don bincike. Kowane mamaci, hannu ɗaya aka sa a na'ura a digiri 10 har awa 24, ɗayan a ƙanƙara. Na na'urar sun fito da tsoka mai kyan gani a ƙarƙashin madubi, kuma ba su kumbura sosai ba. Sai dai ba a dasa wa kowa su ba. A birnin Nijmegen na Holan ma, an riƙe ƙafafun aladu awa 18 a na'urar sanyi aka maida su.

Akwai kuma masu ganin cewa ɗumi ya fi sanyi. A jami'ar Mishigan da asibitin Cleveland Clinic, ana tura ruwa mai ɗauke da jajayen ƙwayoyin jini a zafin da ya yi kusa da na jiki, ta yadda tsokar za ta ci gaba da aiki har ta motsa idan an taɓa ta da lantarki. A Cleveland sun riƙe hannuwan mutane sama da awa 40 a haka. Amfanin ɗumi shi ne ana ganin hannun yana aiki da ido. Illarsa kuwa, na'urar ta fi tsada da wahala, tana buƙatar jini, kuma idan famfo ya tsaya, hannun yana cikin zafi, nan da nan zai fara mutuwa. Idan famfon sanyi ya tsaya, aƙalla hannun yana cikin sanyi, kamar an koma akwatin ƙanƙara ne.

Babbar matsalar da ta rage ga hanyoyin biyu ita ce kumburi. Idan aka daɗe ana tura ruwa, yana tsiyaya cikin nama. Tsokar dantse kuwa tana cikin wata fata mai tauri da ba ta buɗewa, don haka idan ta kumbura sai ta matse jijiyoyinta da kanta. Har yanzu ana gardama kan irin ruwan da ya fi, da zafin da ya fi, da ƙarfin turawa. Zuwa yau, na'urar ba ta zama hanyar da aka saba ajiye hannun dashe da ita ba a asibitocin duniya.

Me awa 24 za ta canza?

Tun dashen da tawagar Jean-Michel Dubernard ta yi a Liyon a watan Satumban 1998, waɗanda aka dasa wa hannu a duk duniya ba su kai mutum 200 ba. Ƙoda kuwa ana dasa kimanin 100,000 a kowace shekara. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wuyar samun wanda ya dace. Ba rukunin jini kaɗai ake dubawa ba. Ana duba girman hannun, da shekaru, da launin fata, domin abu ne da mutum zai riƙa gani kullum, yana gaisawa da shi, yana cin abinci da shi.

Idan awa 6 ce iyaka, sai an samu wannan mamaci a kusa. Idan awa 24 ce, jirgin sama zai iya ɗauko hannu daga wata ƙasa, ko wata nahiya. Ga ƴan uwanmu da ke zaune a Turai, wannan ba ƙaramin abu ba ne: baƙar fatar da ya rasa hannu a masana'anta a can, masu irin launinsa kaɗan ne a cikin masu bayarwa, jiransa zai fi na kowa tsawo. Ƙarin lokaci kuma zai ba likitoci damar yin aikin da rana cikin natsuwa, a maimakon tsakar dare cikin gaggawa.

Sojojin Amurka ma suna zuba kuɗi a wannan bincike. Sama da sojojinsu 1,500 ne suka rasa hannu ko ƙafa a yaƙin Iraƙi da Afganistan. A fagen daga, likita yakan fara da ceton rai, kafin majinyaci ya farfaɗo, gaɓar ta riga ta mutu. Na'ura za ta iya riƙe ta har mai ita ya samu ƙarfin jure aiki.

Amma na'ura ba ta kawar da sauran nauyin dashe. Wanda aka dasa wa hannun wani zai sha maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, kuma maganin yana iya jawo ciwon sukari, da ciwon ƙoda, da saurin kamuwa da cuta. Clint Hallam, ɗan Niyu Zilan da aka yi wa dashen 1998, ya daina shan maganin yadda aka tsara, a 2001 aka cire hannun bisa buƙatarsa. Jijiyar ji da motsi kuma tana tsirowa ne kimanin milimita ɗaya a rana, don haka daga kafaɗa zuwa yatsa aikin shekaru ne, tare da motsa jiki kullum.

Ga masu tambayar matsayin addini, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci idan rayuwar mai karɓa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya dogara da ita, da sharaɗin izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa. Ta kuma haramta sayar da gaɓa.

Mu fa?

Dashen hannun mamaci ya yi mana nisa. Ko dashen ƙoda da asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, daga masu rai ake karɓa, galibi ƴan uwa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne maida wa mutum nasa hannun da ya guntule. An fara yin wannan aiki tun 1962 a Boston, lokacin da likita Ronald Malt ya maida wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa. Shi ba ya buƙatar maganin danne garkuwa, tun da naman mai shi ne.

Kowa ya san inda hannuwan matasanmu ke tafiya: bel ɗin injin niƙa, zarton kafinta, hatsarin kabu-kabu, wayar lantarki, da injinan wuraren gini da ƴan ci-rani ke aiki a Aljeriya da Libiya. A nan ne agogon tsoka ke cin karo da taswirar ƙasarmu. Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne. Daga Maraɗi wajen 660. Daga Damagaram kusan 900, tafiyar da motar fasinja ke yi sama da awa 12. A watan Afrilu kuma zafi na haura digiri 40. Awa 6 ba ta kai mutum ko'ina. Awa 24 kuwa za ta kai shi.

Duk da haka, na'ura ba ta ɗinki. Ko da ta iso gobe, sai an samu likitan da ya ƙware a ɗinkin ƙananan jijiyoyi, da madubin aikinsa, da jini a ajiye, da wutar da ba ta ɗaukewa, da mai koyar da motsa jiki na watanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Horar da irin waɗannan likitoci yana cin shekaru, don haka shi ne aikin da ya kamata a fara tun kafin na'urar ta fito daga ɗakin gwaji.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu

Idan hatsari ya faru a gabanka, ran mutumin ne farko. Danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga shi sama. Idan jini ya ƙi tsayawa, a ɗaure saman raunin tam. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai.

Sannan a ɗauki abin da ya guntule, ko da yatsa ɗaya ne. A naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa cikin leda, a ƙulle bakinta yadda ruwa ba zai shiga ba. Ledar ce za a sa cikin ruwan da aka zuba wa ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada a jiƙa shi cikin ruwa, kada kuma a sa shi inda zai daskare, domin daskarewa tana fasa ƙwayoyinsa.

A duba waya a riƙe lokacin da abin ya faru, a rubuta a jikin ledar in da hali. A tafi asibiti mafi kusa tare da majinyacin da ledar a mota ɗaya, kada a tsaya neman mai ɗori. Ba kowane hannu ne za a iya maidawa ba, likita ne zai yanke hukunci. Amma tambayar farko da zai yi ita ce ƙarfe nawa abin ya faru, ta biyu kuma, a ina aka ajiye shi.